An gwada an ce ba a ga komai ba, amma maigidana sai ƙarewa yake yi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce daga wani ƙauye a yankin Auyo, 'ya'yanmu huɗu. Ni da maigidana duka muna ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, shekara biyar ke nan, kuma ba wanda ya sani sai mu biyu. Ni ban taɓa fashin shan magani ba. Shi kuwa tun bara da aikin shinkafa ya yi masa yawa ya daina zuwa karɓa, wai ya ji sauƙi. Yau wata biyu yana gudawa kamar ruwa, ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa. Da ramar ta fara, wani mai kyamis ya haɗa masa ƙwayoyin ƙiba, kullum yana sha. Mun je asibitin kusa da mu, aka gwada bayan gidansa aka ce ba a ga komai ba, aka ba shi Flagyl da maganin tsutsa, abin bai tsaya ba. Ba mu faɗa musu ciwonsa ba, don mai gwajin ɗan garinmu ne. Yanzu kuma ga tari ya shigo. Innarsa ta ce tunda asibiti ba su ga komai ba, sammu ne, ranar Asabar za a kai shi wurin mai magani. Ni kaina na fara shakka. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri kan riƙon amanar da kika yi masa shekara biyar.

Kada ki jira Asabar. Gobe da sassafe, idan da hali, ku koma asibitin da yake karɓar maganinsa a da, da katinsa a hannu, da ledar ƙwayoyin nan na kyamis gaba ɗayansu. Sauran bayanin da zan yi miki don ki san abin da za ki faɗa ne idan kun isa, kuma don shakkar nan ta fita daga zuciyarki.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma wannan magana ta "ba a ga komai ba" na rubuta ta da hannuna sau ba adadi. Ga abin da take nufi. Ana lakuto bayan gida ɗan mitsitsi, bai kai kan ashana ba, a dama shi da ɗigon ruwan gishiri a kan gilashi, a leƙa ta madubin likita. Abin da ya faɗo cikin wannan ɗigon shi za a gani. Ku mutanen bakin kogi ne, kin san masunci zai jefa koma sau ɗaya a kogin Haɗeja ya ɗago ta wayam, ba kuwa wanda zai ce kifi ya ƙare a kogin. Kin kuma san raga mai manyan idanu ba ta riƙe ƙananan kifi ko da an jefa ta sau ɗari. Gwajin da aka yi wa maigida jifa ɗaya ne, kuma da raga mai manyan idanu. An tsara shi ne don ƙwan macijin ciki da tsutsar da ke shan jini da irin su amiba, wato abubuwan da ke damun kowa da kowa. Mutumin da garkuwarsa ta faɗi kuwa, wasu halittu ne daban ke cin sa, kuma sai an neme su da gangan ake ganinsu.

Babba a cikinsu idan ana maganar gudawa mai ruwa da ta ƙi tsayawa ita ce wadda ake kira kiriftosiforidiyam. Ƙwanta bai wuce mikiron 4 zuwa 6 ba, wato a raba milimita ɗaya gida dubu a ɗauki biyar. Ƙwan macijin ciki ya ninka shi kusan sau goma. Ga shi ba shi da launi, don haka a gwaji na yau da kullum ido na wucewa ta kansa. Sai an shafa bayan gidan a gilashi ya bushe, an rina shi da wani rini na musamman, kusan irin wanda ake yi wa kakin masu tarin fuka, sannan ƙwayayen su fito jajaye a kan shuɗi. Akwai kuma gwajin gaggawa da ke gano alamar jikin ƙwayar a cikin bayan gida. Mai lafiya idan ya kamu da ita, sati ɗaya ko biyu jikinsa ya kore ta. Wanda sojojin jikinsa, waɗanda ake ƙirgawa a gwajin CD4, suka sauka ƙasa da 200, musamman ƙasa da 100, sai ta zauna masa wata da watanni tana tsotse shi. Flagyl ba ya taɓa ta, maganin tsutsa ma haka. Shi ya sa ban yi mamaki ba da kika ce ya sha duka biyun ba sauyi.

Tana da 'yar'uwa da ake kira aisosifora, ita ma da wannan rinin ake ganinta, ita ma gudawa da rama take kawowa. Amfanin bambance su shi ne maganinsu ba ɗaya ba ne. Aisosifora tana jin Septrin sosai, cikin kwanaki kaɗan a ga sauƙi. Waccan ta farkon kuwa babban maganinta shi ne garkuwar jiki ta dawo, wato a koma kan maganin da ya bari, ana kuma mayar masa da ruwan da yake zubarwa.

Akwai wani bawan Allah da ba na mantawa, a wani asibiti da na yi aiki a farkon shigata. Sau biyu ana kawo mini bayan gidansa da takarda mai cewa a yi gwaji kawai, ba wani bayani, sau biyu ina rubuta ban ga komai ba, kuma gaskiya na rubuta. A karo na uku wata likita ta zauna da shi ita kaɗai, ya faɗa mata abin da yake ɓoyewa, ta rubuto a yi rinin. Da na leƙa, gilashin cike yake da jajayen ɗigo. Sati uku ya tafi a banza tsakanin gwajin farko da na ukun, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Mai gwaji abin da aka rubuto masa yake nema, likita kuma abin da aka faɗa masa yake rubutawa.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki, ƙwayoyin ƙiban nan da tarin da ya biyo baya.

Haɗin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba, wanda mata ke kira sha-ka-fashe, sau da yawa akwai deksametazon ko firedinisolon a ciki. Haka ma haɗin ciwon gwiwa da na ciwon jiki da dattawa ke saye a ƙulle a leda. Waɗannan magunguna suna buɗe ciki, su kumbura fuska, mutum ya ɗauka ƙiba ce. Amma aikinsu na asali shi ne danne garkuwar jiki, don haka ne ma likitoci ke ba da su ga mai asma ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, da lissafi da sa ido. Maigida garkuwarsa ta riga ta yi rauni, sai aka zo aka ƙara danne ta.

Dalilin tsorona wata tsutsa ce siririya da ake kira sitironjiloyidis. 'Ya'yanta suna zaune a ƙasa mai danshi inda bayan gida ya taɓa, kuma ta fata suke shiga, ta tafin ƙafar manomin da ke tsaye cikin fadama ba takalmi. Daga fata su bi jini zuwa huhu, su hau maƙogwaro, a haɗiye su, su sauka hanji su girma. Yawancin tsutsotsin ciki ba sa ƙaruwa a jikin mutum, idan wa'adinsu ya cika sai su mutu. Wannan kuwa 'ya'yanta na iya huda hanji su sake zagayowa ba tare da sun fita waje ba, haka take sabunta kanta shekara da shekaru. Kin ji labarin yaƙin Bama da kakanninmu suka je. To, cikin sojojin Birtaniya da aka tsare a yankin Bama da Tailan a yaƙin duniya na biyu, an samu waɗanda ke ɗauke da wannan tsutsa fiye da shekara 30 bayan komawarsu gida, a ƙasar da ba a kamuwa da ita. Muddin garkuwa na tsaye, tana nan a lafe, sai ɗan ciwon ciki ko wani jan layi mai ƙaiƙayi da ke fitowa a ɗuwawu ko cinya ya ɓace. Ranar da aka fara shan irin su deksametazon kuwa, sai ta yi ta hayayyafa ba birki. Dubban 'ya'yanta su cika hanji da huhu, mutum ya kama gudawa da tari da haki, har su kwaso ƙwayoyin cutar hanji su kai cikin jini ko ƙwaƙwalwa. Idan ta kai nan ba a gano ba, tana kisa, kuma da sauri.

Ban ce ita ce ke damun maigida ba. Na ce manomin shinkafa ne, yana shan ƙwayar da ke tayar da ita, yana gudawa, ga tari, don haka dole a neme ta. Nemanta kuma yana da nasa wahalar. Ba ƙwai take zubarwa a bayan gida ba, 'ya'ya ne masu motsi, kuma ba kullum suke fitowa ba, shi ya sa gwaji ɗaya ya fi yawan kuskure ta fiye da kama ta. Akwai hanyar da ake ɗora bayan gidan a kan ƙyalle cikin ruwan ɗumi, 'ya'yan su yi iyo su sauko ƙasa a tattara su. Akwai wadda ake shuka shi a faranti a bar shi kwana biyu ko uku a ga sawun da suka bari. Idan ta riga ta bazu, har a cikin kaki ana ganinta, don haka kakin da za a karɓa a gwada tarin fuka, a roƙi a duba wani ma saboda ita. Maganinta ibamektin ne, wanda aka fi sani da Mectizan, wannan da ake rabawa gida-gida saboda makantar kogi da tundurmi. Maganin tsutsa na ƙwaya ɗaya da aka ba shi ba ya gamawa da ita. Amma kada ki je ki nemo ki ba shi da kanki, likita ne zai auna nauyinsa ya tsara kwanakin. Idan kuma ya taɓa zuwa ci-rani dazukan kudu ya daɗe, ki faɗa, don akwai wata tsutsar jini a can da ke sa maganin ya zama haɗari.

Abu ɗaya kuma da nake so ki riƙe da kyau: kada jin wannan ya sa ki kwashe ƙwayoyin kyamis ɗin ki zubar yau. Wanda ya yi makonni yana shan irin wannan magani, jikinsa ya rage yin nasa na halitta, idan aka yanke masa lokaci guda jininsa na iya faɗuwa ya suma, balle ga gudawa. A hankali ake janye shi, kuma aikin likita ne. Shi ya sa na ce ki tafi da ledar, har da fankon da ya shanye.

Kan yadda za ki kai bayan gidan, a nan ne mutanenmu na karkara ke yin asara ba su sani ba. Kada ya yi a ƙasa a kwaso, domin ƙasa tana da nata ƙananan tsutsotsi masu kama da wadda ake nema, sai su rikita mai dubawa. Ya yi a fo wankakke busasshe, ko a kan sabuwar leda, kada fitsari ko ruwan tsarki ya shiga. A ɗiba kamar cokali biyu a robar da asibiti suka bayar, a rufe. Mai ruwa irin nasa ana son ya isa hannun mai gwaji cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, don haka daga Auyo kada ki ɗauko shi a kan babur cikin rana, gara ya yi a can asibitin. Kada a sa a firij ko cikin ƙanƙara, sanyi yana kashe motsin 'ya'yan tsutsar. Kuma sau uku za a kai, a ranaku daban-daban, ba sau ɗaya ba. Ki faɗa musu ranar da ya gama Flagyl da maganin tsutsar, don suna iya rage abin da ake gani na ɗan lokaci.

Wataƙila a ce a gwada jini. Yana da amfani, sai dai ki san iyakarsa. Wasu gwaje-gwajen jini ba ƙwayar cutar suke nema ba, martanin da jiki ya mayar mata suke nema. Jikin da garkuwarsa ta faɗi ba lallai ya mayar da martanin da za a gani ba. Haka kuma akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da kan ƙaru idan mutum na da tsutsa, deksametazon kuwa yana kwantar da su. Don haka a wurin maigida, jini ya fito ƙalau bai wanke shi ba.

Tarin nan kuma, kafin komai za su nemi tarin fuka, domin shi ne kan gaba wajen kashe masu wannan ciwo, kuma yana kama hanji ma ya kawo gudawa da rama. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari na musamman ga wanda CD4 ɗinsa ya gaza 200: a gwada tarin fuka ta kaki da ta fitsari, a gwada jini saboda wani nau'in sanƙarau, a ɗora shi kan Septrin, sannan a mayar da shi kan maganinsa cikin hanzari. Wannan jerin yana da dalili, shi ya sa nake roƙonki kada tausayi ya sa ki ɗebi naki maganin ki ba shi a gida. Ke za ki rasa na wasu kwanaki, shi kuma ya fara ba a duba abin da ya kamata a fara dubawa ba.

Ki sa ido kan kansa ma. Idan ya fara ciwon kai mai naci, ko rikicewar magana, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ɓarin jiki ɗaya ya yi nauyi, wannan na daren nan ne, ba na gobe ba. Akwai wata ƙwaya, toksofilasma, da ake samu daga kashin kyanwa da naman da bai dahu ba. Mutane da yawa na ɗauke da ita a kwance ba ta yi musu komai, sai garkuwa ta faɗi ta tashi a ƙwaƙwalwa. A ƙauye an fi kiran wannan bugun iska, a yi ta hayaƙi har lokaci ya ƙure, alhali tana jin magani, sau da yawa cikin sati biyu ake ganin sauyi. Haka idan fitsarinsa ya ɗauke, ko ya kasa riƙe ruwa a ciki, ko numfashi ya yi masa wuya.

Na fahimci dalilinki na yin shiru a gaban ɗan garinku, kuma ban ga laifinki ba. Kin san garinku, kin san yadda magana ke yawo daga bakin rijiya zuwa gidan biki. Sai dai shirun nan shi ya hana a yi gwajin da ya dace. Mafita ita ce ku je inda aka riga aka sani, wato inda yake karɓar magani. Ba sai kin yi wa mai gwaji bayani ba, likita kaɗai za ki faɗa wa, shi zai rubuta irin gwajin. Aikinsu ya ɗora musu riƙe sirri, kuma tun 2014 akwai dokar ƙasa da ta hana tsangwamar masu wannan ciwo. Idan maigida kunyar komawa yake ji don ya yi shekara bai je ba, ki gaya masa ba shi ne na farko ba, duk damina ana samun irinsa, kuma dawowarsa suke so. Ki ce wa likita a fili: "Yana da ciwon nan, ya bar magani shekara ɗaya, yana shan waɗannan, manomin fadama ne, gudawa wata biyu, tari ya fara." Idan rinin ko sauran gwajin ba a yi a wurin, ki nemi takardar turawa, ko zuwa babban asibitin Haɗeja, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan jikinsa ya yi tsanani, likita na iya fara magani bisa zato mai ƙarfi tun sakamako bai fito ba, kuma hakan daidai ne.

Sai Inna. Uwa ce tana kallon ɗanta yana narkewa, an kuma ce mata asibiti sun duba ba su gani ba. Duk wadda aka gaya wa haka za ta nemi wata ƙofar. Kada ki yi jayayya da ita kan sammu, ba za ki ci riba ba, kuma ba naki ba ne ki tona sirrin da ɗanta bai tona ba. Ki same ta cikin ladabi ki ce, "Inna, an ce gwajin da aka yi ƙarami ne, akwai babba da sai an yi sau uku, ki sa mana albarka mu je, ke kuma ki riƙe mana addu'a." Mafi kyau ma maganar ta fito daga bakinsa shi, ko wani ƙaninsa ko kawunsa da take jin maganarsa. Addu'a da tofi ba sa karo da asibiti. Abin da za ki tsaya a kai, ko da za a ga baƙinki na kwana biyu, shi ne kada a ɗura masa jiƙo ko wani abin wankin ciki. Mutumin da ya yi wata biyu yana zubar da ruwa, abin da zai ƙara gudar da shi na iya taɓa ƙodarsa.

Daga yanzu zuwa lokacin da za ku isa, ruwan gishiri da sukari shi ne abokinsa. Idan akwai na leda, a zuba ɗaya a lita ɗaya. Idan babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa, yana kurɓa kaɗan-kaɗan bayan kowace fita. Ruwan kuma a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, domin ƙwan kiriftosiforidiyam ba ya jin sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwa. A 1993 ta shiga ruwan famfon birnin Milwoki na Amurka, ruwan da ake tacewa ana sa masa magani, ta kwantar da mutum sama da 400,000, balle rijiyar da maruƙa da 'yan awaki ke sha a gefenta. Ke ma wannan tafasasshen za ki riƙa sha, da ke da ƙaramin cikin yaran. Ki wanke hannu da sabulu duk lokacin da kika ɗauke fo, ki zuba abin a masai, kada a bayan gari. Idan Allah ya tashi kafaɗarsa ya koma gona, a saya masa takalmin ruwa kafin a sayi taki.

Ki sake rubuto mini bayan an yi gwaji na uku, ki faɗa mini adadin CD4 ɗinsa da sunan da likita ya karanta a jikin ƙwayoyin kyamis ɗin.